Radar da matattun gulabe ƙarƙashin Sahara

Radar da ke sararin samaniya igiyar rediyo take aikowa ƙasa, ta saurari amsa-kuwwa. Shi ya sa dare ko hadari ba ya hana ta gani.

A Nuwamba 1981 Amurka ta ɗora wata a kumbon Columbia. Da ta bi ta kan iyakar Masar da Sudan, sai igiyar ta ratsa busasshen rairayi, hoto ya nuno hanyoyin gulabe binne a ƙasa. Masana suka je suka tona, suka tarar da tsakuwar gulbi da gatarin dutse na mutanen da.

Mu mutanen Gulbin Kaba da Azawak mun san gulbi na mutuwa. Amma inda ya taɓa gudana, nan ake fara neman rijiya.