Takardun Gafara na Tetzel da Ma'aunin da Luther Ya Bari

Duk wanda ke zaune a Ikko ko Fatakwal ya saba ganin masu wa'azi da kwalaben mai, ko ruwa, ko hankici, kowanne da farashinsa. To wannan ciniki ya girmi kakanninmu.

A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya riƙa zagaya garuruwan Jamus yana sayar da takardun da aka ce suna rage wa mutum, ko mamacinsa, horon bayan mutuwa. Talakawa sun ɗauka kuɗin duk na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma. Ashe wajen rabi na tafiya ne biyan bashin da Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ciwo a bankin iyalin Fugger don ya hau kujerarsa.

Martin Luther, malamin tauhidi a Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 na ƙin wannan ciniki a watan Oktoba na shekarar. A 1521 aka gurfanar da shi a Worms gaban Sarki Charles na 5, ya ƙi janye maganarsa sai an kayar da shi da Nassi ko hujja bayyananniya. (Don adalci, Paparoma Pius na 5 da kansa ya hana karɓar kuɗin takardun a 1567.)

Daga wannan rigima koyarwar Furotesta ta kafu: ceto kyauta ne ta alherin Allah, ta bangaskiya ake karɓarsa, Almasihu kaɗai ne matsakanci, Littafi Mai Tsarki kuma shi ke yanke hukunci a kan kowane malami. Ni a ganina na ƙarshen nan ne ya fi ɗaga wa 'yan damfara hankali, domin ya miƙa mudun awo a hannun talaka. Shi ya sa Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, cikakken Littafin kuma a 1534. Namu na Hausa ya fito a 1932, Likita Walter Miller na Wusasa yana cikin masu aikin.

Saboda haka in wani ya ce sai ka "shuka iri" kafin Allah ya ji kukanka, buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, ka karanta amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri ranar da ya miƙa kuɗi don sayen baiwar Allah.