Matacciyar Jingina da Gidan da Banki Bai Nema Ba

Turawa na kiran bashin sayen gida "mortgage". Kalmar ta fito daga tsohon Faransanci, ma'anarta matacciyar jingina. A shari'ar Ingila ta ƙarni na 12 an kira ta matacciya ne domin mai ba da rance yana cin amfanin ƙasar, bashi kuwa yana nan yadda yake. Wanda kakansa ya taɓa jinginar da gona ba ya buƙatar dogon bayani: mai kuɗi ya noma ya girbe, ranar fansa kuma a ƙirga masa kuɗinsa cif.

Idan mai gida a Amurka ya kasa biya, sai a yi masa "foreclosure", wato a rufe ƙofar fansa a bar shi waje. Daga nan sai gwanjo. Banki kan taya da bashin da yake bi, in ba a sami wanda ya ɗara shi ba, gida ya faɗa hannunsa. A 2010 kaɗai gidaje fiye da miliyan ɗaya suka bi wannan hanya.

A nan ne suna ke sauyawa. Gidan wane ya zama REO, kadarar da ke hannu. A takardun hukumomin da ke sa ido kan bankuna ma OREO ake rubutawa, kamar sunan biskit ɗin nan, kuma harafin farko na nufin "sauran". Wannan "sauran" ita ce ta tona asirin cinikin. Sana'ar banki juya kuɗi ce, gida kuwa kaya ne da aka ɗora masa: ga haraji, ga inshora, ga ɓarayi masu ɓalle bututun tagulla. Dokar tarayya ma shekara 5 ta ba bankunan ƙasa su rabu da shi, sai in sun nemi ƙari.

Farashi kan fito ne daga BPO, ra'ayin dillali a kan kuɗin gida. Na yaba wa wanda ya raɗa sunan, don bai yi ƙarya ba, ra'ayi ne. Dillali ya duba gidajen unguwa da aka sayar kwanan nan ya kwatanta, wani lokaci daga cikin mota zai ɗauki hoto, bai ga rufin da ke yoyo ba. Ana kuma sayarwa "as is", yadda ka gan shi haka za ka ɗauka.

Wajen tayi, banki ba ya cewa albarka ido da ido. In masu tayi sun yi yawa, sai a aika wa kowa ya kawo "highest and best", iyakar abin da zai iya, kafin rana kaza. Kalmar "best", wato mafi kyau, ita ce ke da ƙaya, domin mai tsabar kuɗi da zai biya cikin mako biyu yakan kayar da wanda ya fi shi tayi amma yana jiran rance.

Don haka Fannie Mae, babbar cibiyar bashin gidaje a Amurka, ta ware kwanakin farko ga masu son zama a gidan da kansu, ta kira su "First Look", kallon farko. Manyan 'yan jari dai sun kwashi rabonsu. A 2012 ɗaya daga cikinsu, Blackstone, ya kafa kamfanin da ya sayi dubban irin waɗannan gidaje ya zuba 'yan haya, ya sa masa suna Invitation Homes, wato gidajen gayyata.