Furen Kirsimeti: Asalinsa da Illar da Reno Ya Jawo Masa

Duk wanda ya ga wannan tsiro a bakin tagogin mutanen Turai da Amurka cikin watan Disamba, yana zubo furanni jajaye a tsakiyar hunturu, zai zaci ɗan ƙasar sanyi ne, alhali kuwa asalinsa duwatsun gaɓar teku ne na kudu maso gabashin Birazil, inda yake fure a watan Mayu. Ko da yake dangin kaktus ne, ba shi da alaƙa da hamada, domin a bisa rassan itatuwa da tsagin duwatsu yake zaune cikin inuwa da laima, inda ruwan sama kan jiƙa saiwarsa ya tsiyaye nan take.

Wajen shekarar 1818 aka soma renon nau'i na farko a Turai, na biyu ya iso a 1839, sa'an nan wani ma'abocin lambu a Ingila, W. Buckley, ya haɗa irin biyun ya sami wanda aka fara rubuta labarinsa a 1852. A 1858 masani Charles Lemaire ya raɗa wa jinsin tsiron suna Schlumbergera, don girmama wani Bafaranshe mai tara ire-iren kaktus.

To, daga ranar da aka sauko da shi daga reshe aka cusa shi cikin tukunya mai nauyin ƙasa, musiba ta same shi, saboda ruwan da ke kwanciya a gindinsa shi ne mazaunin ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Fusarium da Phytophthora. Wannan ta ƙarshe kuwa 'yar'uwar wadda ta halaka dankalin Ailan ce a 1845, har yunwa ta auku. Alamar cutar a jikin tsiron ita ce gindi ya yi laushi ya yi duhu, gaɓoɓi su yanƙwane suna zubewa alhali ƙasa na jiƙe sharaf, sai mai tsiron, bisa jahilci da kyakkyawar niyya, ya ƙara masa ruwa.

Da yake ta hanyar yanka ake yaɗa shi, wuƙa ɗaya marar tsarki takan ɗauki cuta daga uwa zuwa dukan 'ya'yanta. Don haka al'adar masu lambu ta tabbata a kan tsarkake wuƙa, da dasawa cikin ƙasa mai saurin tsiyaye ruwa, da jinkirta ban-ruwa har samanta ya bushe. Wanda gindinsa ya riga ya ruɓe kuwa ba shi da magani, sai a tsinki lafiyayyun gaɓoɓi a dasa a sabuwar tukunya, a zubar da sauran.