Waƙar Aiki da Waƙar Hanya: Daga Teku zuwa Mai Wurno

Wani mai sauraronmu da ke fataucin riɗi ta Gadarif ya aiko mana tambaya. Ya ce ya ji wata waƙar Turawa a wayar ɗansa, mutum ɗaya na bayarwa, taron maza na amsawa da ƙarfi kamar 'yan gayya. Aka ce masa ta ma'aikatan jirgin ruwa ce. Shi ne yake tambaya, ashe su ma suna da waƙar aiki irin tamu? Suna da ita, malam. Kuma tarihinta zai taimake mu mu gane tamu.

Tsakanin 1800 da 1900, da yawa daga cikin jiragen da ke ɗaukar kaya tsakanin Ingila da Amurka iska ce ke tura su. Komai da ƙarfin damtse ake yi: ɗaga filafilai, jawo anga, kwashe ruwan da ya shiga jirgi. Igiya guda sai mutum goma ko fiye, in kuma ba a ja tare ba an yi aikin banza. To sai a sami mai murya ya ba da baiti, saura su amsa, a kan amshin ne kowa zai fizga. Masu binciken waƙoƙin sun gano cewa da yawansu sun samo tushe daga baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, masu danna dilolin auduga cikin jirage a tashoshin kudancin Amurka irin su Mobil da Niyu Olins. Fararen ma'aikatan jirgi suka ji, suka ɗauka, suka gauraya da karin garuruwansu.

Cikin ma'aikatan nan akwai mutanen Ayalan da yawa. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin da suke rayuwa a kansa, yunwa ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan suka bar ƙasar, da dama ta tashar Libaful. Waƙoƙin da ake rerawa yau a wuraren hirarsu ta dare, da yawa na wannan rabuwa ne: sunan ƙauyen da aka baro, uwar da ba a sake gani ba, wahalar hanya. Kun ga iri biyu ke nan. Ɗaya aiki ya haife ta, ɗaya ƙaura.

Mu ma duka biyun muna da su, tun kafin mu san teku. Ranar gayya, gangar noma ce ke haɗa garma hamsin su sauka lokaci guda. Mata na da waƙar niƙa, da ta daɓe, da lugude a bakin turmi, inda taɓarya uku ke shiga turmi ɗaya ba a yi karo. Fataken Gwanja da ke zuwa Salaga sayen goro suna da nasu kiɗa da kirari na tashi daga zango. Ku makiyaya kuwa ba sai an faɗa muku ba, saniya ta san muryar mai ita.

Ta ƙaura ita ce ta fi shafar mu nan. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, 'yarsa Nana Asma'u ta tsara labarin tafiyar a waƙe da Fulatanci, aka mayar da ita Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Wanda bai iya karatu ba ya haddace, ya san inda aka sauka da inda aka tashi. Shekara kusan ɗari bayan haka, a watan Maris na 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Akwai waƙar da ake jingina masa, Waƙar Zuwan Annasara, mai kira ga hijira. A ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe shi a Burmi, a ƙasar Gombe. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, suka ratsa ƙasar Chadi ta yau, har suka iso bakin Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, wajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sinnar shi ne ke ɗauke da sunansa har gobe.

Bayansu alhazan ƙafa suka yi ta biyowa, ta Maiduguri, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid, har Suwakin. Wani ya yi shekara biyu a hanya, wani goma, wani ya yi aure ya zauna. Guzirin da ba ya ƙarewa a irin wannan tafiya shi ne bege, yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da shi ake rage dare, da shi ake tuna wa zuciya inda aka nufa.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe noman auduga na Jazira. Aiki ya samu, mutanenmu suka shiga hawasha da tsinkar auduga, wasu suka zauna a kambo, wasu suka kama su a kogi. Waƙoƙin gida suka biyo su gona da bakin turmi. Audugar nan kuwa ta Bur Sudan take fita zuwa masaƙun Ingila. Sai dai a lokacin jiragen tururi sun riga sun ture na iska, musamman bayan buɗe mashigin Suwes a 1869. Inji ya karɓi igiya, mai ba da waƙa ya rasa aiki. Abin da ya tsira daga waƙoƙin teku shi ne wanda wasu suka bi tsofaffin ma'aikatan jirgi suka rubuta daga bakinsu kafin su mutu.

To, nan ne maganar ta zo kanmu. Injin niƙa ya kashe dutsen niƙa, tarakta ta rage gayya, lori da jirgin sama sun ɗauke tafiyar ƙafa. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya warwatsa iyalai da yawa daga Jazira da Sinnar. Tsohuwar da ta san waƙar da kakarta ta zo da ita daga Sakkwato ko Haɗeja, yau tana wani gari, jikokinta suna wani, kuma Larabci ya fi zama a bakinsu.

Saboda haka ga roƙonmu. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. In kun sauka ruga ko zango kuka tarar da dattijo ko gyatuma, ku gaishe su, ku nemi izini, ku ce su rera abin da suka tuna. Ku tambayi wa ya koya musu, daga wane gari, a kan wane aiki ake yin ta. Ku ajiye, ku tura wa dangi, in kun so ku aiko mana mu sa a shiri. Da sauran kuka, Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.