Tarakta Mai Bokiti A Gaba: Daga Turai Zuwa Gonakin Birnin Gwari

 Yau a kan tarakta za mu tsaya, wato tantan kamar yadda muka taso muna jin ana kiran ta. Ku lura da duk wadda kuka ci karo da ita a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ko ta Funtuwa zuwa Birnin Gwari. Garma a baya take, haro a baya, tirela ma a baya, gabanta kuwa fayau. Alhali a Turai manoma da yawa sukan ɗaura wa tasu hannuwan ƙarfe biyu da bokiti a gaba, ta kwashi taki, ta loda yashi, ta cike ramin hanya. Me ya sa tamu ba ta samu wannan ba?

Sai mun ɗan koma baya. Taraktocin farko jan garma kawai suke yi, kamar yadda sa yake ja, kuma akwai haɗari a ciki. Idan garmar ta maƙale a dutse ko saiwa, gaban motar sai ya ɗaga sama, wani lokaci ta kife ta baya a kan direba. Wani ɗan arewacin Ailan mai suna Harry Ferguson shi ya ɗauki shekaru yana neman maganin wannan. Dabararsa ita ce a haɗe garma da tarakta a wuri uku, su zama jiki ɗaya, sannan a riƙa ɗaga ta da sauke ta da ƙarfin matsin mai, abin da makanikai ke kira haidurolik. A 1938 ya yi yarjejeniya da Henry Ford da musafaha kawai, babu takarda, a 1939 kuma taraktar Ford mai wannan tsari ta fito. Daga baya suka ɓata har gaban kotu. A 1946 Ferguson ya fara ƙera tasa a Ingila, ƙaramar nan mai ruwan toka, TE20, a 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris. Jar Massey Ferguson da kuke gani a ƙauyukanmu daga nan ta samo asali.

To da zarar tarakta ta samu famfon mai a cikinta, ai ɗaga kaya ya zo da sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatan gona sun yi ƙaranci a Turai, lada ta yi tsada, manomi yana da tulin kashin shanu da ya taru a lokacin sanyi, babu mai kwashewa. Sai maƙera suka shiga ɗaura bokiti a gaba. A Ingila, Joseph Cyril Bamford, wanda ya kafa JCB a 1945 da ƙera tirela daga ragowar ƙarafan yaƙi, a 1953 ya fito da tarakta mai bokiti a gaba da hannun haƙa a baya. A Suwidin, Volvo ta juya tarakta a 1954, bayanta ya koma gaba, don nauyin kaya ya hau kan manyan tayoyi. Babbar motar loda yashi ta 'yan kwangila jikanyar wannan dabara ce.

Mu kuma tamu hanyar daban ce. Turawan mulkin mallaka da shanun huɗa suka fara. Tun shekarun 1920 ake gwajin garmar shanu a Samaru da Shika, a ba manomi bijimai biyu da garma bashi, ya noma auduga da gyaɗa. Abin ya karɓu a ƙasar Kano da Katsina, amma a wurare masu duhun daji irin yammacin Kaduna, ƙudan tsando da cutar sammore sun daɗe suna hana shanu sakat. Dajin Kamuku ma tun 1936 aka keɓe shi, kafin ya zama gandun daji na ƙasa a 1999.

Gwajin noma da inji mafi girma a wancan zamani a Mokwa aka yi shi, cikin jihar Neja ta yanzu, daga 1949. An kawo manyan injuna, an share daji, amma kututture da saiwoyi suka riƙa karya kayan aiki, manoman da aka zata za su zo su zauna ba su zo da yawa ba, kuma ciyawa dai da hannu ake cire ta. Inji ya buɗe gona mai faɗi, fartanya ta kasa bin sa. Zuwa 1954 kamfanin Ingila da ya zuba kuɗi ya janye.

Da kuɗin fetur ya shigo sai gwamnati ta zama uwar tarakta. Shirin raya noma na Funtuwa ya fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya biyo da nasa a 1980. A lokacin ana harhaɗa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Jihohi da ƙananan hukumomi suka buɗe sashen ba da hayar tarakta, kuma a ganina nan ne amsar tambayarmu take. Wanda ya sayi motar ba shi ne mai gonar ba. Ofis yana lissafin eka nawa aka kafce kafin ruwa ya zauna, shi ke nan. Kwasar taki, lodin ƙasa, gyaran hanyar gona, duk an bar wa shebur da kwando da jaki, saboda ƙwadago yana da araha. Sai ya zama mota mai tsada tana kaftu na 'yan makonni, ta ja tirela da kaka, sauran shekara tana ƙarƙashin bishiya.

Dalilin da ya sa na ɗauko zancen yanzu, kun san abin da Birnin Gwari ta gani. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suna kore shanu, har da na huɗa, gonaki a wajen Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da yawa an bar su, ga ƙasar kuwa ta masara ce ta gaske. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe kasuwar kara, mutane suka fara komawa gona. Wanda aka raba da bijimansa, da me zai koma? Takin zamani ya yi tsada, na gargajiya kuma nauyi gare shi, sai an loda, an kai, an baza. Hanyoyin gona ruwa ya zaizaye su. Tarakta ɗaya mai bokiti a hannun ƙungiyar manoma za ta samu aikin haya har cikin rani.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya garzaya Panteka ya ce a walda masa bokiti. Masu walda na Kaduna sun iya, ban raina su ba, sai dai akwai abin da ya kamata a sani. Irin taraktocin da muke da su ba su da wani firam daban, jikin injin da gidan giya su ne ƙashin bayanta. Idan aka ɗaure hannuwan a jikin injin kawai, nauyi zai iya tsaga shi, don haka sai an yi ƙarafan da za su kai nauyin har ƙafar baya. Ƙafar gaba kuma, musamman a wadda tayoyin baya kaɗai ke ja, ba don ɗaukar kaya aka yi ta ba. Bokiti ya cika, sitiyari zai yi tauri, baya ya yi sakayau, birki ya rage kamawa, tunda birkin a tayoyin baya yake. Shi ya sa ake rataya nauyi a baya, ko a zuba ruwa a cikin manyan tayoyin.

Sannan tafiya da bokiti a sama shi ne ke kifar da ita, musamman a gangare ko kan kunya. A ƙasa ake riƙe shi, dab da ƙasa, a tafi a hankali. Kuma mun san halinmu, ranar kasuwa yara za su so ɗarewa ciki. Tiyon mai ɗaya ya fashe, hannuwan za su faɗo ne gaba ɗaya da duk abin da ke cikin bokitin, don haka ko bakanike ba ya shiga ƙarƙashinsa sai ya tokare shi da ƙarfe.