Abin da Ke Bayan Akwatin Talabijin

Duk wanda ya shiga falon wani mai hali a Kano ko Kaduna a wannan zamani, ya ga talabijin shafal manne da bango, ƙarƙashinta dogon kabad a rataye ba ƙafa, babu kuma ko silin waya ɗaya da ido zai kama, la'alla ya zaci abin ya samu ne cikin sauƙi, alhali mu da muka tsufa cikin ƙurar zarto mun san an share shekaru fiye da 50 ana kai-komo tsakanin kafinta da magini da mai wayarin kafin a kai ga wannan tsafta.

Sa'ad da aka buɗe tashar talabijin ta Ibadan a 1959, da ta Kaduna a 1962 zamanin Firimiya Sardauna, kafinta ba shi da rabo cikin sha'anin ko kaɗan, domin akwatunan Philips da Grundig da 'yan tsirarun manyan ma'aikata ke saye suna zuwa ne da gidansu na katako, da ƙafafu huɗu, wasu har da ƙyamare masu zamewa waɗanda ake rufewa in tasha ta yi sallama da dare. Wayoyi biyu kacal ke fita daga bayansu, ta wuta da ta eriya. Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, yakan ce iyakar abin da aka taɓa kiransa ya yi wa irin waɗannan akwatuna shi ne ɗaurin ƙafa in ta karye wajen ƙaura.

Al'amari ya juya ne bayan ƙarin albashin Udoji, wanda hukumarsa ta ba da rahoto a 1974, ma'aikata suka karɓi ariyas suka bazama kantuna. A 1975 tashar Jos ta fara nuna hoto mai launi, a 1977 aka kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, daga bisani Gwamna Abubakar Rimi ya kafa wa Kano tata tashar. Akwatunan Japan da suka cika kasuwa, irin su National da Sanyo da Sharp, da yawansu jikin roba gare su, ba ƙafa ba ƙyaure, saboda haka ya wajaba a nema musu mazauni, kuma ta wannan ƙofa muka shigo. Da fari tebur ne ɗan gajere. Amma da talabijin ta shiga lissafin kayan ɗakin amarya, a daidai lokacin da tangaran ke ture kwalla da langa daga jere, sai aka haifi dibaida, wadda ta haɗa gidan gilashi na jeren tangaran a dama da hagu, da babban gurbi a tsakiya. Akwati mai inci 21 doronsa na neman zurfin kusan rabin mita, don haka dibaida ta zama ƙatuwar halitta wadda sai ƙarti huɗu suke ɗaga ta. Filawud daga Sapele yake zuwa, a lulluɓe shi da fomeka, mai ƙarfin aljihu kuwa a yi masa da madaci ko loko. Ɗaukacin fasaharmu a fuska take, wajen ado da sheƙi da daidaita ƙyamare. Baya kuwa siririn filawud ne a buga da ƙananan ƙusoshi, a huda rami ɗaya a zura waya, a karɓi kuɗi.

Sannu a hankali wayoyi suka hayayyafa. Bidiyo ya zo da nasa, musamman bayan da finafinan Hausa suka kankama daga Turmin Danya a 1990. Rashin tabbas na wutar NEPA ya tilasta sayen sitabilaiza. Tauraron ɗan'adam ya kawo dikoda. Aka ƙara na'urar faifai da lasifikoki, ga soket ɗaya tilo a bango, sai a jona ekistenshin a kan ekistenshin. Sai dai dibaida, saboda zurfinta da nauyinta, ta yi wa wannan fitina sutura ba da niyyar kowa ba, tun da ba a motsa ta sai ranar tashi daga gida, ranar da za a tarar da ƙurar hunturu ta shekara goma, da sheƙar ɓera, da wayar da ya gaigaye har tagulla ta fito.

Da talabijin ta bango ta yawaita, doro ya ɓace, dibaida ta rasa dalilin zamanta, sai wayoyi suka bayyana a fili suna reto a jikin farin fenti kamar saiwar ceɗiya. Daga nan ne aikinmu ya koma baya, inda ido ba ya kaiwa, kuma lokacin kiranmu ya sauya. Domin kafintan da a da ake nema bayan an gama fenti, yanzu in mai gyaran gida ya san abin da yake yi, tun kafin filasta zai zaunar da shi da mai wayarin a gaban bangon, a zana komai da alli.

Mas'ala ta farko ita ce bututu. Galibin masu wayarin sun saba da mai faɗin milimita 20, wanda ya ishi wayar wuta, amma kan wayar HDMI ba ya shigarsa, balle ya wuce lanƙwasa. Abin da ya tabbata a wurinmu shi ne a sassaƙa bulo a binne mai milimita 50, a miƙe daga bayan allon talabijin zuwa cikin kabad, ba kwana mai kaifi, a bar igiya a ciki domin jan wayar da za a buƙata nan gaba, a kuma ware wa wuta nata bututun dabam da soket a bayan allon. Ta biyu ita ce tsayi, kuma a nan ake yawan jayayya. Hotunan da ake kawo mana a waya, na falukan Dubai da Turkiyya, an yi su ne domin masu zama a kujera, inda tsakiyar allo ke kai kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Mu kuwa rabin iyalinmu a kan kafet suke kallo. Wani Alhaji ya taɓa nuna mini kusa da rufi ya ce, "Malam, can nake so, kada yara su taɓa." Na ce, "Ranka ya daɗe, zauna a nan ƙasa inda Hajiya ke zama, ka dubi wurin na minti biyar." Bai cika uku ba ya ce a sauko da ita.

Shi kuwa kabad ɗin, sirrinsa bango biyu ne a baya, da rata ta santimita 8 zuwa 10 a tsakani, inda ake ɗaure ekistenshin da tarin wayoyi, da murfi mai cirewa ba tare da guduma ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe wajibi ne, ba mustahabbi ba, kuma shi ne wanda samarin sana'a suka fi sakaci da shi, har ka ga an manne komai da gam, ranar da dikoda ta lalace sai an farfasa aikin dubban nairori. Haka nan dole a huda wa zafi mafita sama da ƙasa, a kuma toshe hudar da raga saboda kyankyaso, wanda ke son ɗumin na'ura; ƙyauren da ke gaban dikoda kuma ya zama gilashi ko sanduna masu rata, domin hasken rimot ba ya ratsa katako.

Game da allunan MDF da suka mamaye kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, ban ga laifin santsinsu da miƙewarsu ba, kuma hunturu ba ya tsaga su yadda yake tsaga ɗanyen katako. Aibinsu ruwa, domin da zarar ruwan gogen ƙasa ya taɓa gindinsu sai su kumbura su rududduge. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa nake rataye kabad ya bar ƙasa da taƙi guda, ko da yake masu gida suna ɗauka ado ne. Sai dai a lura bulo mai rami ba ya riƙe nauyi da ƙaramin noti, sai an nemi tsakiyar siminti ko an cika ramin.

Ɗan haya, wanda mai gida ba zai yarda ya sassaƙa bango ba, shi ma an samo masa rangwame: a kafa sanduna a bango, a ɗora faffaɗan allo a kansu, talabijin a fuskarsa, wayoyi su bi ta ratar da ke bayansa su sauka cikin kabad. Ranar tashi ya kwance kayansa, ya toshe 'yan ramukan noti, ya shafa fenti.