Saitin Fiyano Bisa 'Ya'yan Amo, da Isowar Fiyano Ƙasar Adar

Saitin 'ya'yan amo hanya ce ta daidaita muryoyin fiyano da danginsa bisa jerin sautukan da ke ɓoye cikin kowace murya guda. Duk tsirkiyar da aka kaɗa ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar amo, wadda kunne ke fara kamawa, a bisanta kuma akwai 'ya'ya masu girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har illa ma sha Allahu. In uwar na girgiza sau 110 a daƙiƙa, 'ya'yan suna kan 220, 330, 440 da 550. Mai gurmi zai iya jarrabawa: ya ɗora yatsa sama-sama a tsakiyar tsirkiya, bai danne ba, ya kaɗa. Uwar za ta ɓace, wata siririyar murya mai kama da ita ta fito a sama. Wannan tazara ta 2 bisa 1 ita ce zango.

Ƙasar Hausa ta san wannan jeri tun kafin ta ga fiyano, ta bakin kakaki. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Dogon bututun ƙarfe ne da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, ba rami ko ɗaya a jikinsa da za a toshe da yatsa. Mabushi da leɓɓansa kaɗai yake aiki: ya sassauta, ƙaramar murya ta fito, ya matse ya ƙara iska, ta yi tsalle zuwa ɗan amo na gaba. Akasari muryoyi biyu yake bayarwa, tazararsu 3 bisa 2, kuma da su yake faɗa wa jama'a "ga shi, ga shi" in sarki ya fito. Ba maƙeri ne ya zaɓi tazarar ba, halittar iska ce cikin bututu.

Lissafin waɗannan tazarori tsoho ne. Girkawa sun jingina shi ga Fisagoras. Malaman Musulunci suka ɗauka suka faɗaɗa: Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya auna wuraren yatsu a wuyan garayar Larabawa cikin babban littafinsa na kiɗa, Safiyuddin Al'urmawi kuma ya raba zango kashi 17 a Bagadaza a ƙarni na 13. A Faransa, Maran Marsan ya bayyana 'ya'yan amo a 1636, Jozef Sober ya tsara iliminsu a 1701.

Matsalar ta taso ne da kayan kiɗa masu maɓallai, domin maɓalli ba ya lanƙwasa. In aka hau tazarar 3 bisa 2 sau 12, kamata ya yi a dawo kan muryar farko bayan zango bakwai. Ba a dawowa. Hanya ɗaya tana kaiwa kusan 129.75, ɗayar 128 cif. Wannan rarar ta sha kan masu saiti na Turai ɗaruruwan shekaru, kamar tela da ƙyalle ya yi wa yawa yana neman inda zai ɓoye shi cikin ɗinki. Wasu suka tara ta wuri guda, tazarar nan ta riƙa ƙara mai muni har suka yi mata laƙabi da kyarkeci. Andiriyas Warkmaista a Jamus, a 1691, ya rarraba ta ba daidai ba don kowane mataki ya kaɗu. Shi kuwa yarima Zhu Zaiyu na Sin tun 1584 ya fitar da lissafin raba zango kashi 12 daidai wa daida, kuma wannan tsari ne ya ci kasuwa a ƙarni na 19 zuwa na 20.

Ana iya auna abin da aka yi hasara. A ma'aunin da Alekzanda Elis ya yaɗa a 1885, zango santi 1200 ne. Tazarar kakaki santi 702 ce, fiyano ya ba da 700, kunne bai damu ba. Amma tazarar 5 bisa 4 santi 386 ce, fiyano ya ba da 400. Ɗan amo na bakwai kuwa yana kan 969, maɓalli mafi kusa da shi yana kan 1000. Mai kunne yana jin wannan a matsayin ɗan rawar murya da ba ta kwantawa. Saboda haka wasu suka yi tawaye. Hari Paci a Amurka ya ƙera kayan kiɗa masu muryoyi 43 a zango, La Monti Yang kuma tun 1964 ya saita fiyanonsa bisa 'ya'yan amo na uku da na bakwai, yana kaɗa shi sa'o'i biyar a zama ɗaya.

A Nijar, wanda ya fara yin suna da maɓallai shi ne Mamman Sani, da ogan ɗinsa ƙirar Orla ta Italiya. Kasat ɗinsa na 1978 ya ɗauko waƙoƙin Fulani da na Buzaye, kuma rediyo da talabijin na ƙasa suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A Tawa, gasar kiɗan zamani da aka kafa a shekarun 1980 da sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin gargajiya na garin, ta tara ƙungiyoyi daga dukan jihohi da jitarsu da ogan ɗinsu. Babbar guguwar dai daga kudu ta zo, lokacin da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha a ƙarshen shekarun 1990 don waƙoƙin fim. Ta hanyar Sakkwato da Ƙonni kasat da faifai suka haura Adar. Mdou Moctar, Buzu ɗan yankin Abalak da Cintabaradan, a Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar a 2008, da gangar na'ura da manhajar gyaran murya. Ita wannan manhaja, in ba a taɓa saitinta ba, fizgar muryar mawaƙi take zuwa maɓallin fiyano mafi kusa.

Nan ne abin ya shafi Adar kai tsaye. Gogen da ake yi wa bori a garuruwan Azna, da imzad na matan Buzaye da UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2013, duka tsirkiya ɗaya gare su ta gashin doki, babu matakai a wuya. Yatsa na zamewa yana bin hawa da saukar harshe, yana tsayawa inda kunnen makaɗi ya yarda, ko ya faɗa kan maɓalli ko tsakanin biyu. Waƙarsu mai muryoyi biyar ce, shi ya sa ta shiga fiyano ba gardama, har mutane suka zaci saitin ɗaya ne. Yaron da ya tashi da waƙar waya a kunne yana iya jin tsohon mai goge, sai ya ce muryar gogen ta kauce, alhali ba ta kauce ba, kuma wannan hasara ce ta gaske.

Abin da ya tilasta wa Turawa sassauci shi ne kiɗansu yana ƙaura daga uwar amo zuwa wata cikin waƙa guda. Goge, tende irin na 'yan matan Illigadad, da jitar Buzaye galibi kan uwa ɗaya suke zama daga farko har ƙarshe, don haka saiti mai tsabta ba ya rage su da komai. Hanyar ma a buɗe take. Tun 1992 ƙa'idar MIDI ta tanadi sauya saiti, kuma fiyano da yawa na Yamaha da Korg, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Larabawa, suna barin a ɗaga ko a sauke kowace murya da santi. Mai situdiyo a Tawa zai iya sauke muryar tazarar 5 bisa 4 da santi 14 don ta hau ɗan amo na biyar, ko kuma ya zaunar da mai goge, ya ja muryoyinsa biyar ɗaya bayan ɗaya, a murɗa fiyano har ya bi su.